Ƙafa Biyar a Gaban Ƙofar Salbiah

Tun kafin ta buɗe taga Mak Cik Salbiah, wato Goggo Salbiah a bakin mutanen garin, ta san jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya iso. Ƙahonsa ta ji daga bakin tasha, doguwar ƙarar nan mai kama da kukan saniya, ta ja tsaki ta dangwarar da kofin shayinta. Yau ke nan gari ba na masu gari ba ne. Kafin ƙarfe tara baƙi za su zubo cikin George Town da gajerun wanduna da jajayen wuya, su ɗauki hoton bango, su ɗauki hoton kyanwa, su ɗauki hoton mai ɗaukar hoto, yamma na yi su koma jirginsu su bar wa mutane shara.

Waya ta yi ƙara. Norizan ce, 'yarta tilo, wadda ke aure can tsallaken gada.

"Mak, kin san akwai jirgi yau ko?"

"Kurma ma ya ji shi."

"To ki zauna a gida. Ai mun yi magana."

"Ke kika yi magana. Ni saurare na yi."

"Mak, don Allah. Wallahi in wani abu ya sake faruwa, a ranar zan zo in ɗauke ki. Ɗakinki na nan a gyare."

Salbiah ta kashe wayar ba sallama. Ta san ɗakin da ake ta yi mata tallarsa: hawa na goma sha huɗu, taga ɗaya mai kallon wurin ajiye motoci, ba maƙwabci ba kasuwa, sai talabijin. Ita kuwa gidan nan aka kawo ta amarya shekara arba'in da shida da suka wuce. A nan ta haihu, daga nan aka ɗauki gawar mijinta. Ba ta da niyyar fita daga cikinsa sai yadda shi ya fita.

Abin da ke ƙona mata rai shi ne yadda kowa ya mai da ita sakarya. Ita za a koya wa tafiya a garin nan? Ita da ta koya wa rabin yaran layin? Dokar ba ta da wuya, uwarta ce ta ba ta tun tana 'yar yarinya. Ki bi kaki lima, barandar nan mai rufi da ta bi gaban gidaje da shaguna a jere, faɗinta ƙafa biyar. Jaka ta zauna a gefen bango. Kada ƙafarki ta taɓa kwalta sai in tsallaka titi za ki yi. Tsakanin baranda da titi akwai ginshiƙai, akwai kwata, babur ba ya hawa. Muddin kina ciki, rana ba ta dukan ki, ruwa ba ya dukan ki, hannun ɗan fizge ba ya kaiwa gare ki. Ko mai gida bai isa ya hana kowa wucewa ta gaban ƙofarsa ba, haka aka gina garin.

Sai ga Tek Soon, maƙwabcinta bango ɗaya, ya mai da tsohon shagon shinkafar ubansa gidan shan gahawa. Ranar da babu jirgi tebur biyu yake jingina wa bango, a raɓa a wuce. Ranar jirgi kuwa sai ya cika barandar da tebura, ya kawo manyan tukwanen furanni ya toshe nan ya toshe can, don kada masu wucewa su dami baƙinsa. Wata uku da suka wuce ta fito za ta kasuwa ta tarar da hanya a rufe. Ta sauka kan kwalta don ta zagaya. Taku shida ne kacal. A na huɗu babur ya zo ta bayanta da mutum biyu. Igiyar jakar kuwa ta naɗe ta sau biyu a wuyan hannu, yadda duk matan kasuwa sa'o'inta suke yi ba tare da sun sani ba. Jaka ta ƙi rabuwa da hannu, aka ja ta a ƙasa har bakin kwana, hannun ya karye.

Likita ya ce me ya sa ba ki saki ba. Ɗan sanda ya ce me ya sa ba ki saki ba. Norizan tana kuka tana cewa, Mak, me ya sa ba ki saki ba. Duk cikinsu babu mai hankalin da ya tambaye ta abin da ya fitar da ita kan titi.

Ta ɗauko tsintsiya da bokiti ta fito ƙofa. Wannan aikin ba ta taɓa fashinsa ba, ko lokacin da hannun ke ɗaure da hagu take yi. Ta share nata ɓangaren barandar, ta kwara ruwa, ta goge tayil ɗin nan masu zanen kore da ruwan ɗorawa har suka yi ƙyalli. A duk layin nan nata ne kaɗai ya rage babu komai a kai, ko kujera. Tek Soon ya roƙe ta ya fi sau goma ta bar shi ya ɗan miƙo tebur biyu nan ranar jirgi. Ta ce masa ranar da ya ga tebur a nan, to ya tabbata an fita da ita a makara.

Ƙarfe tara da rabi ta yafa gyale, ta rataya jaka a kafaɗar bango, ta kulle ƙofa. Kifi take so ta sayo ta yi laksa, taliyar nan mai romon kifi, kuma babu jirgin da zai hana ta. Tukunyar furen na nan inda ta zata, daidai iyakar gidanta da nasa, ta kai mata ƙugu. Bayan tukunyar Turawa sun baje a kujeru, wani ma ya miƙe ƙafa ya ɗora kan ginshiƙi.

"Tek Soon!"

Ya fito da tire a hannu, yana murmushin nan nasa na ciniki.

"Mak Cik, an tashi lafiya? Yaya hannun?"

"Hannun yana gaishe ka. Janye wannan abin."

"Haba Mak Cik, kin ga mutane suna zaune. Ki ɗan zagaya mana, taku nawa ne?"

"Taku nawa ne?" Ta ɗaga hannun dama ta kai masa har hanci, wuyan hannun da ya warke a karkace. "Tambayi wannan, shi ya ƙirga!"

"Yi a hankali, baƙi na kallo."

"Su kalla! Ba kallo ya kawo su ba? Kai, Tek Soon, ni na yi jinyarka lokacin ƙyanda, uwarka na kwance asibiti. A zanena ka yi fitsari. Ubanka Ah Bah shekara talatin yana sayar da shinkafa a nan, ko bokiti bai taɓa bari a hanya ba. Ruwa na saukowa zai fito ya ja buhunansa ciki don mutane su samu wurin fakewa. Kai kuma ka zo ka yi wa hanya ƙofa kamar kai ka haife ta!"

Murmushin ya gudu. Ya matso ya rage murya.

"Zamanin Baba babu jirgi, Mak Cik. Kwana biyu a mako nake samun mutane, da su nake ci da iyalina. Kowa a layin nan haka yake yi, ni kaɗai kika gani? Kuma ke ma tsakani da Allah, a shekarunki me kike nema a waje ranar jirgi?"

Wannan maganar ce ta ƙarasa ta. Ba ta san lokacin da ta sa ƙafa ta tokare tukunyar ba, ta haɗa da kafaɗa ta tura. Tukunya ta yi tangal-tangal ta faɗa kwata ta tarwatse, baƙar ƙasa ta fantsama har kan takalman baƙi. Wata Baturiya ta yi ƙara. Salbiah ta ratsa tsakiyar tebura kanta a sama, ta tsaya gaban mai miƙe ƙafa ta zuba masa ido har sai da ya sauke ta. Tukunya ta biyu ba ta ma taɓa ta ba, Tek Soon da kansa ya ruga ya janye. Ta wuce abinta, rabon da ta ji daɗi irin na wannan lokacin tun kafin karayar.

Abin da ta gamu da shi daga nan zuwa kasuwa ba sabo ba ne, ta haɗiye shi kamar kullum. Ta sayi kifinta da tsamiya da ganyen na'ana'a, ta tsaya ta yi hira da mai kifi, ta dawo wajen sha ɗaya da rabi. Tun daga nesa ta hango farar motar Norizan a ƙofar gida.

Norizan na tsaye da rigar wurin aiki, ko katin wuyanta ba ta cire ba. Ta jira uwar ta buɗe ƙofa suka shiga, sannan ta fashe.

"Mak, me kike so ki mai da ni? Ina tsakiyar aiki Tek Soon ya kira ni, wai kin fasa masa kaya, kina ihu a gaban mutane!"

"Au, shi ya kira ki? Ɗan albarka. Ranar da aka ja ni a ƙasa a ƙofarsa, mai keke ne ya kira ki. Yau da tukunya ta faɗi ya tuna lambarki."

"Tausayinki yake ji. Ya ce kwanan nan kamar kin fara rikicewa."

Salbiah ta ajiye ledar kifi a hankali. Da a ce marin ta aka yi da ya fi mata sauƙi.

"Rikicewa."

"Ba haka nake nufi ba, Mak. Amma ki duba, dubban mutane na yawo a garin nan lafiya lau. In mutum ya kula babu abin da zai same shi. Ke kuwa yanzu ba kya kula, ga zuciya. Kin sauka titi ba ki waiga ba, kin ƙi sakin jaka, yau kuma wannan."

"In mutum ya kula. To madalla." Ta cire jakar daga kafaɗa ta cusa mata a ƙirji. "Riƙe. Ke mai kula, mai ƙuruciya, mai ido biyu lafiyayyu, kai ni kasuwa. Ki bi yadda na koya miki, ina bayanki. In kika kai ƙafarki ba ta taɓa kwalta ba, ni da hannuna zan haɗa kayana. In kuwa kika taka, ki shiga motarki ki koma inda kika fito, kada in ƙara jin zancen ɗakin nan."

Norizan ta karɓa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai rataya jakar ta yi gaba. Salbiah ta ɗauki shirun a matsayin yarda.

Wurin Tek Soon bai ba su wahala ba. Yana ganin Norizan ya hau janye kujeru yana washe baki, har da tambayar yara. Salbiah ko kallonsa ba ta yi ba. Shago na gaba riguna aka rataye daga rufi har ƙasa, masu hoton kyanwa da sunan gari, Norizan ta sunkuya ta kutsa ta fito gyalenta a karkace. Gaba da shi babura huɗu aka jera a gicciye, ta matse ciki ta bi ta jikin bango, bututun hayaƙin ɗaya ya shafa mata baƙi a siket. Ta waigo ta kalli uwar kamar mai cewa kin gani, ana wucewa.

Sai suka iso tsohon gidan mai ɗinki, wanda aka mai da masaukin baƙi. Nan ƙarfe aka sa aka yi walda daga ginshiƙi zuwa bango, aka shafa masa farin fenti, aka rataya fitilu. Norizan ta tsaya. Ta taɓa ƙarfen, ta leƙa ko akwai ƙofa. Babu.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Bara. Wuce mana, mai kula."

Norizan ta tsallaka kwata ta sauka kan titi.

"Ɗaya!" in ji Salbiah da ƙarfi, har wani mai keken haya ya waigo.

Suka hau baranda, ba su yi taku ashirin ba suka tarar da firjin mai sayar da ruwan kwakwa ya cinye hanya. "Biyu!" Gaba kaɗan baƙi ne da kansu, sun yi layi cunkus suna jiran ɗaukar hoto da wani zane a bango, babu mai matsawa. "Uku!" Salbiah na tafe tana ƙirgawa kamar yarinya a filin wasa. Wata uku tana jiran wannan ranar. Zafin rana ma daɗi yake mata.

Na huɗu ya fi tsawo, shaguna uku a jere sun fito da kayansu. Norizan na gaba a kan kwalta, motoci na bin gefenta, ita kuma uwar na baya da kamar taku biyar. Sai Salbiah ta ji ƙarar babur ta bayanta, irin wadda ke raguwa maimakon ta ƙaru. Ya wuce ta. Mutum biyu ne, fuskokinsu a rufe cikin hular kwano. Daidai Norizan ya rage gudu, na bayan ya karkato kai yana kallon jakar. A lokacin ne idon Salbiah ya sauka kan hannun 'yarta. Jakar ta zame daga kafaɗa tun wurin kutsawa cikin riguna, kuma yarinyar nan, mai digiri, mai yi wa uwarta wa'azin a saki jaka, ta naɗe igiyar sau biyu a wuyan hannunta.

"Izan!"

Ihun ya fito mata daga ciki, ba ta taɓa jin muryarta haka ba. Mutane suka juyo. Babur ya ƙara wuta ya shige kwana. Wataƙila ɓarayi ne, wataƙila masu neman lambar gida ne, Allah kaɗai ya sani. Salbiah ta iso ta cafki hannun tana warware igiyar.

"Uban wa ya ce ki naɗe? Uban wa ya koya miki?"

Norizan ta kalli hannunta, ta kalli na uwar. Su biyun sun san wa ya koya mata.

Sauran hanyar ba a yi ta da ihu ba. Salbiah ta ci gaba da ƙirga, amma ciki-ciki. Da suka iso bakin kasuwa ta tsaya ta gyara gyale, ta tattaro abin da ya rage mata na fushi, don ba ta yarda a ce ta yi wannan tafiyar a banza ba.

"Bakwai. Sau bakwai kika taka, ke da ba ki rikice ba. Yanzu faɗa mini da bakinki, laifin wa?"

"Ba laifinki ba ne, Mak."

"Ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

"Ba laifinki ba ne. Ki yafe mini." Ta waiga ta kalli hanyar da suka biyo. "Kullum haka kike bi?"

"Duk ranar jirgi. Bakwai zuwa, bakwai dawowa." Ta faɗe shi da alfahari, kamar mai nuna lambar yabo.

Norizan ta goge ido da bakin gyale.

"Da ina cewa in kin kula za ki tsira. Shi ya sa nake ta yi miki faɗa, ina ganin gyaran a hannunki yake. Yanzu na ga ko kin kula banza ne. Mak, mu je ki haɗa kayanki."

Salbiah ta tsaya kamar an dasa ta.

"Ke! Ni na ci! A gabanki na ci!"

"Kin ci, Mak."

"To wace irin shari'a ce wannan? Su toshe hanya, su yi walda, su kira ni mahaukaciya, sannan ni za a ɗauke? Ni ce tukunyar furen? Je ki ɗauke Tek Soon! Je ki ɗauke jirgin!"

"Ba ni da iko da su. Ke kaɗai gare ni." Norizan ta kama karkataccen hannun ta riƙe. "Ɗazu da kika kira sunana, me kika ji a ƙirjinki? To ni shi nake ji duk safiyar da aka ce jirgi ya shigo, ina zaune a ofis ina kallon waya. Wata uku ke nan, Mak. Na gaji."

Salbiah ta nemi abin da za ta ce. Zagi na nan cike da bakinta, na Tek Soon, na mai walda, na masu gajerun wanduna, amma babu ko ɗaya da ya dace da wannan fuskar. Ta fizge hannunta ta juya, suka kamo hanyar gida, sau bakwai suna sauka kan kwalta, kowacce na jan 'yar'uwarta gefen bango.

Bayan azahar aka gama haɗa akwati biyu. Norizan na ta cewa na ɗan lokaci ne, a ga yadda hali zai yi. Salbiah ta san irin wannan ɗan lokacin. Ta ɗauki ledar kifin, ta ɗauki hoton mijinta, ta jingina tsintsiya a bayan ƙofa ta kulle. Tek Soon ya fito yana goge hannu a tawul.

"Mak Cik, tafiya za a yi? Allah ya kiyaye hanya. Kada ki damu da ƙofa, zan riƙa sa miki ido."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta shiga mota ta ja murfin da ƙarfi.

Ba su yi nisa ba suka tsaya, jerin kekunan haya sun cika titi da baƙi da laimomi masu furannin roba. Norizan na ta danna ham. Salbiah ta ce a ranta ba za ta waiga ba, sai kuma ta waiga. Tek Soon ya riga ya ɗauko tebur, ya ajiye shi a kan tayil ɗinta masu kore da ruwan ɗorawa, yana girgiza shi ya ga ko ya zauna daidai. Ya koma ya jawo tukunyar furen da ta rage.

Wata tsohuwa 'yar Indiya ta taho ta cikin barandar da jakar cefane a gefen bango. Ta iso ƙofar Salbiah ta tsaya, ta kalli tukunya, ta kalli titi. Sannan ta naɗe igiyar jakar a wuyan hannunta ta sauka kan kwalta.